Ɗaukar Hoton Mus a Daji

Yau za mu karanta labarin wani naman daji da babu irinsa a ƙasarmu. Sunansa mus. Yana zaune a wurare masu tsananin sanyi, kamar Kanada da Suwidin da Rasha da jihar Alaska ta Amurka.

Mus ya fi doki tsayi. Babban namiji yakan kai ƙafa 6 daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ƙahonsa faffaɗa ne, kamar tafin hannu da yatsu. Kowace shekara ƙahon yakan faɗi da hunturu, sabo ya fito. Mace ba ta da ƙaho. Abincinsu ganyen itatuwa da ciyawar cikin ruwa.

Waɗansu mutane sukan shiga daji neman mus, ba da bindiga ba, sai da kyamara, wato abin ɗaukar hoto. Cikin na farko akwai wani Ba'amurke, George Shiras. Shi da dare yakan shiga kwalekwale a tafki, da fitila a gaba. In ya ga dabba a bakin ruwa, sai ya kunna wata hoda mai haske kamar walƙiya, ya ɗauki hoto. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa na namun daji. Har yau akwai wani irin mus da ake kira da sunansa.

To, yaya mai hoto yake yi? Yakan fita da asuba ko da maraice, don lokacin ne mus yake kiwo. Yakan nemi bakin fadama ya zauna shiru. Mus ba ya gani sosai, amma yana da ji da sansana. Saboda haka mai hoto yakan zauna inda iska ba za ta kai wa mus warinsa ba. Wani lokaci ya wuni bai ga kome ba. Gobe ya koma. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Amma aikin akwai hatsari. Mus ba ya cin nama, duk da haka a Alaska ya fi beyar yi wa mutane rauni. Da ƙafafun gaba yake duka. Lokaci biyu ya fi faɗa: watan Satumba da Oktoba, sa'ad da maza suke neman mata, da watan Mayu da Yuni, sa'ad da mata suke haihuwa. Kada mutum ya shiga tsakanin uwa da ɗanta.

A manyan gandun daji na Amurka, kamar Yellowstone, doka ta ce a tsaya nesa da mus yadi 25 ko fiye. Mai hoto yakan sa wa kyamara dogon gilashi mai jawo nesa kusa. In mus ya kwantar da kunne, gashin wuyansa ya tashi, to, ya yi fushi. Sai mutum ya gudu ya ɓuya bayan babban itace.

Maharbi in ya yi sa'a, nama ɗaya ya ragu a daji. Mai hoto in ya yi sa'a, dubban mutane za su ga mus, shi kuwa yana nan yana kiwonsa.

Tambayoyi
1. A waɗanne wurare ake samun mus?
2. Me ya sa mai hoto yake lura da iska?
3. Yaya za mu gane mus ya yi fushi?
4. Rubuta waɗannan: mus, ƙaho, kyamara, haƙuri.