DAGA BALENSIYA ZUWA TASHAR BAGA: NAZARI A KAN SUNA DA GIRKIN FA'EYA

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba a aji kaɗai yake samun abin nazari ba. Madafa ma makaranta ce, domin kuwa kusan kowane abu da ke cikin tukunya yana da suna, kowane suna kuma yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso bakinmu. Wannan maƙala za ta ɗauki abinci guda ɗaya na ƙasar Sifaniya, wanda suke rubutawa paella, ta dubi sunansa da asalinsa, ta kwatanta shi da dafa-dukarmu, sannan ta nuna yadda za a girka shi a gida a nan Maiduguri da kaza da kifin tafkin Chadi.

Yaya Bahaushe zai kira shi?

Matsala ta farko ta furuci ce. A daidaitacciyar Hausa babu harafin p, shi ya sa duk kalmar aro da ta zo da shi sai ta koma f, kamar yadda muke gani a fensir da famfo da fasinja da fenti. Na biyu, ll ɗin da ke tsakiyar kalmar, yawancin mutanen Sifaniya kamar y suke furta shi. Na uku, Hausa ba ta yarda gaɓa ta fara da wasali ba, don haka a da e ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba sai an raba su da hamza. Idan aka bi waɗannan ƙa'idoji uku, abin da zai fito shi ne fa'eya, kuma shi za a yi amfani da shi a nan. Wanda ya ce fayeya ma bai saɓa wa tsarin sautin Hausa ba.

Asalin kalmar sunan mazubi ne, ba na abinci ba. A harshen mutanen Balensiya tana nufin faffaɗan kasko mara zurfi mai hannu biyu, kuma ta samo asali ne daga patella ta Latin. Sannu a hankali sunan kaskon ya koma kan abin da ake dafawa a cikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: idan aka ce wane ya ci kwano biyu, ba wanda zai zaci tasa ya tauna. Haka tajin na ƙasar Maroko, sunan tukunyar ne ya zama sunan abincin.

Akwai wani bayani da ya yaɗu, wai kalmar daga Larabci take, daga baƙiyya, wato saura, saboda wai barorin sarakunan Andalus ne ke haɗa ragowar abinci su dafa. Labarin yana da daɗin ji, amma masana tarihin kalmomi ba su karɓe shi ba, domin kalmar tana da 'yan'uwa na jini a harsunan da suka fito daga Latin, kamar poêle ta Faransanci mai ma'anar kaskon suya. Wannan darasi ne ga ɗalibi: kamannin sauti kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka tsakanin kalmomi biyu. Sau da yawa mukan ji ana jingina kalmomin Hausa ga Larabci a kan hujjar da ba ta fi wannan ƙarfi ba.

Inda Larabci ya shigo da gaske

Sai dai kuma idan sunan kaskon ba na Larabawa ba ne, abin da ke cikinsa nasu ne. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bn Ziyad, kuma su ne suka yaɗa noman shinkafa a can tare da dabarun ban-ruwa. Balensiya ta fita daga hannunsu a 1238, Garnaɗa ta faɗi a 1492, amma kalmomin sun zauna. Shinkafa a Sifaniyanci arroz ce, daga ar-ruzz. Mai kuwa aceite, daga az-zait. Za'afaran da ke ba abincin launin ɗorawa azafrán ne. Hatta tafkin da ke kudu da birnin, inda ake noman shinkafar, sunansa Albufera, daga al-buhaira, wato ƙaramin teku.

Abin lura shi ne Sifaniyanci da Hausa sun yi tarayya a hali guda: dukansu sukan ari kalmar Larabci tare da al- ɗinta, su mayar da su abu ɗaya. Mu muna da albasa da alkama da alƙalami da aljihu. Wani lokaci ma kalma ɗaya muka ara: al-ƙali ta zama alƙali a wurinmu, a wurinsu ta zama alcalde, shugaban gari. Mu muka ce sukari, suka ce azúcar. Muka ce zaitun, suka ce aceituna. Mu da muke karatu a Borno muna da ƙarin abin dubawa, domin tun a 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa wasu kalmomin Larabci ta hannun Barebari suka shigo Hausa, kamar kasuwa, wadda tushenta suƙ ne.

Fa'eya da dafa-duka

Fa'eya a siffar da aka san ta yau ta bayyana ne a ƙarni na 19, a matsayin abincin rana na manoman da ke kewayen Albufera. Ta asali ba ta da kayan teku ko kaɗan: kaza ce da zomo da koren wake da wani faffaɗan farin wake da tumatir, wani lokaci da dodon-koɗi, a kan wutar itacen lemo. Ta kifi da jatan lande ta mutanen gaɓar teku ce. Wadda ta haɗa kaza da kayan teku, wadda ita ce duniya ta fi sani, 'yan Balensiya na ainihi ba su cika ɗaukar ta da daraja ba. Sukan kira irinta "shinkafa da tarkace". A 2016 wani shahararren mai girki na Ingila, Jamie Oliver, ya saka tsiran alade a tasa, ai kuwa ya sha suka daga Sifaniya kamar ya zagi iyayensu. A 2021 gwamnatin yankin ta sanya fa'eya cikin kayan al'adun da doka ke karewa. A wannan shekarar ce kuma hukumar UNESCO ta amince da cebujen, shinkafa da kifin Senegal, wadda ake ganin ita ce uwar jalof ɗin Afirka ta Yamma.

Mu namu sunan bai dubi mazubi ba, aikin ya duba. Dafa-duka harɗaɗɗen suna ne da aka gina da aikatau da abin da aikin ya faɗa wa, kamar hana-salla da kare-dangi. A saurari karin sautinsa: a "ta dafa shinkafa" gaɓar farko ta dafa sama take, ta biyu ƙasa, amma a cikin dafa-duka duka biyun ƙasa suke sauka. Jinsinsa ma bai zauna wuri ɗaya ba a bakin jama'a, ana jin "dafa-dukar shinkafa", ana kuma jin "dafa-dukan shinkafa". Ga mai neman batun kundin kammala digiri, ga ɗaya nan a ƙofar madafa.

Bambancin girkin guda uku ne. Dafa-duka a tukunya mai zurfi ake yin ta, a rufe, tururi ya ƙarasa ta. Fa'eya a buɗe ake yin ta, shinkafar kuma shimfiɗa ce da ba ta wuce kaurin yatsa ba. Dafa-duka ana iya juya ta; fa'eya da zarar shinkafa ta shiga an ajiye ludayi ke nan. Na uku shi ne ƙanzo. A gidajenmu idan tukunya ta kama, mai girki takan ji kunya, ƙanzon kuma yara ake bar wa. A Balensiya da gangan ake neman sa, suna kiran sa socarrat, kuma shi ake yi wa rububi. Mai fassara ya kula a nan: kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi, amma darajarsu a idon masu harshen ba ɗaya ba ce.

Kayan haɗi daga ina?

Tsakanin Maiduguri da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, don haka "abincin teku" da wasu masu fassara ke rubutawa ba ya kawo wani hoto a zuciyar mai karatu na nan. Abin da muke da shi tafki ne, kuma Hausa ba ta talauce a sunayen kifinsa ba: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, ragon ruwa, kurungu, gaiwa, yauni, tsage. Wanda aka ƙyafe da hayaƙi shi ne banda, wanda ake lodi daga Baga, kusan kilomita 200 daga nan, zuwa kasuwar Tashar Baga, daga can kuma manyan motoci su kwashe shi har Onica da Legas. Jatan lande da kaguwa ba su da matsala a mazhabar Malikiyya, sai dai ɗanyensu wuyar samu gare shi. Busasshen da ake kawowa daga kudu shi ne a hannu.

Shinkafa ma a kusa take. Fadamar Jere, wadda kogin Ngadda ke shayarwa, ita ce rumbun shinkafar birnin nan, musamman wajen Zabarmari. (A lura da ɗafin -ri na Barbarci mai nuna mazaunin wasu mutane, kamar a Hausari da Shuwari da Fulatari.) Amma kada mai karatu ya ɗauka waɗannan kaya a sauƙaƙe suke zuwa. Bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, cinikin kifi ya durƙushe na tsawon shekaru, har da lokacin da sojoji suka hana safararsa. A ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka kashe manoma aƙalla 43 suna girbin shinkafa a Koshebe, kusa da Zabarmari. A watan Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye gonaki da unguwanni. Duk wanda ya ji tsadar mudun shinkafa ko kwalin banda ya yi ƙorafi, to ga inda tsadar ta samo asali.

Yadda ake girkawa

Don mutum biyar ko shida, a tanadi shinkafa rabin kilo, wato kimanin gwangwanin madara 4, da kaza ɗaya, da ɗanyen kifi mai tsoka rabin kilo. Giwan ruwa ya fi, domin ba ya farfashewa. Tarwaɗa ma ta yi idan an wanke yauƙinta da ruwan zafi ko lemon tsami. Sai banda ɗaya ko biyu, da dakakken jatan lande cokali 2, tattasai 2, tumatir 3, tafarnuwa, koren wake, gishiri, da man zaitun ko man gyaɗa. Za'afaran tsada gare shi, tun da sai an tsinke fure wajen 150 ake samun giram ɗaya. Kurkum, wato gangamau, zai ba da launin ko da bai ba da ƙamshin ba.

Zaɓen shinkafa shi ne rabin aikin. Tasu gajeruwa ce mai shan romo sosai ba tare da ta caɓe ba. 'Yar gwamnati doguwa ba ta shan ɗanɗano yadda ake so, ta tuwo kuma narkewa za ta yi. A ganina 'yar Hausa mai gajeren ƙwaya ita ce ta fi kusa, muddin an rege ta da kyau an tsane ta, don tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa baƙo rai.

A fara da romo. A tafasa ƙasusuwan kaza da kan kifi da bandar da aka gyara na rabin awa, a tace, a auna gwangwani 10, a bar shi da zafinsa. A ɗora kasko mafi faɗi da ke gidan a kan garwashin da aka baza ko'ina, domin wutar da ta taru a tsakiya za ta ƙona tsakiya ta bar gefe ɗanye. A soya kaza da aka yanka ƙanana har ta yi ja sosai. Kada a yi gaggawa a nan, daɗin abincin daga wannan suyar yake fitowa. A soya kifin sama-sama a kwashe. A zuba koren wake da tattasai da tafarnuwa, sannan markaɗaɗɗen tumatir, a bar shi har ruwansa ya ƙone mai ya fito. 'Yan Balensiya ba sa saka albasa a ta asali, wai tana sa shinkafa laushi, ba sa kuma saka yaji. Attaruhu ɗaya ba zai rushe komai ba, kuma ban ga ɗan Maiduguri da zai yafe shi ba.

Sai a juye romo da kurkum da jatan lande, a ɗanɗana gishiri, ya ɗan fi yadda ake so kaɗan domin shinkafa za ta shanye. Idan ya tafasa a barbaɗa shinkafa, a baje ta sau ɗaya, a janye hannu. Minti 10 na farko wuta mai ƙarfi, sannan a rage garwashi na wasu minti 10, a jera kifi da tsokar banda a sama. Idan shinkafar ta gumi ce za ta nemi ƙarin minti 5 zuwa 10 da ƙarin romo kaɗan, a zuba ta gefe. Da ruwa ya tsotse, a ƙara wuta na minti ɗaya ko biyu, a kasa kunne: za a ji ƙasan kaskon yana ƙara ƙas-ƙas, ƙamshin suya yana tashi. Da an ji ƙauri an makara. A sauke, a rufe da tsaftataccen ƙyalle na minti 5, a yanka lemon tsami a kai.

A cikin kaskon ake ci, kowa da cokalinsa, kowa ya ci gabansa, ƙa'idar da ba sai an koya wa wanda ya tashi yana cin tire ɗaya da 'yan'uwansa ba. Kuma abincin rana ne. A zafin Maiduguri na watan Afrilu, shinkafa mai kifi ba ta kwana a waje.

Aikin ɗalibi

A wannan girki kaɗai mun yi amfani da dafa, tafasa, soya, tace, rege, tsane, barbaɗa, baje, tsotse, caɓe, kama da ƙyafe, ba mu kuma taɓa sulala da turara da gasa da babbaka ba. Ɗalibi ya ɗauki kowanne ya gano ajin aikatau ɗinsa, ya kuma gwada shi da sauran siffofinsa: dafa, dafe, dafo, dafu, soya, soye, soyo, soyu. Wanda kuma ke da hali ya je Tashar Baga da littafinsa, ya nuna kifi ɗaya ga Bahaushe da Babarbare da Bashuwe, ya rubuta sunan da kowannensu ya ba shi, tare da alamar karin sauti da tsawon wasali.