In Firinta Ta Daina Jin Kwamfuta

Masu shagon buga takardu a Mararaban Rido, kun san abin: an ɗauke wuta, an tayar da janareta, firinta ta yi gum, ga ɗalibi tsaye yana jiran takardar JAMB. Kafin ku kira mai gyara, ku leƙa bayanta. In ƙaramar fitilar ramin waya ba ta ƙiftawa, ku zare wayar, ku hure ƙurar hunturu, ku mayar har ta ce ƙas.

Sau da yawa lambar IP ce ta canza. Ku buga shafin saitin firintar. In lambar ta fara da 169.254, rauta ba ta ba ta lamba ba. Ku kashe duka, ku fara kunna rauta, sannan firinta. Daga nan ku kafa mata lamba tsayayya, ku shigar da ita a kwamfuta.