Koya wa kare tafiya kusa da mai shi

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, kare yana gadin gida da garke. Amma kare marar horo yakan kori awakin maƙwabta, har magana ta kai gaban mai gari.

Ga yadda ake horar da shi:

1. A fara tun yana kwikwiyo.
2. A ɗaura masa igiya, ya tsaya ta hagu.
3. A ce "Kusa!", sannan a taka.
4. In ya ja igiya, a tsaya cak. In ya dawo, a ba shi lomar tuwo nan take.
5. Minti 5, safe da yamma, sun isa.

Kada a doke shi. Duka tsoro yake koyarwa.

A Turai har gasa ake yi kan wannan tafiya. Mu kuwa, ribarmu ita ce zaman lafiya da maƙwabta.