YADDA ZA KA ADANA KOTON ROBA DA KAYAN FATSA

Manoma da yawa da ke zaune kusa da gulbi, ko tafki, ko madatsar ruwa irin ta Kainji da Tiga da Bakolori, suna haɗa noma da kamun kifi. Da damina suna gona, in ruwa ya janye kuma su ɗauki fatsa su nufi bakin ruwa. Kifin nan shi ne na miya, shi ne kuma na kuɗin cefane.

Koton da aka saba da shi shi ne tana, da gara, da 'yan ƙananan kifaye. Yanzu kuwa akwai wani koto na roba mai laushi, wanda ake yi da siffar tana, ko ɗan kifi, ko kwaɗo. Wani Ba'amurke mai suna Nick Creme ne ya fara yin tanar roba a garin Akron na jihar Ohio cikin 1949, daga can ta bazu cikin duniya. In ana jan koton nan cikin ruwa yana kaɗa wutsiya kamar mai rai, sai kifaye masu farauta, irin su giwan ruwa da tsage, su kai masa cafka. Ba ya ruɓewa, kuma guda ɗaya yana iya kama kifi fiye da ɗaya.

Amma fa da kuɗi ake sayensa. Sau da yawa kuwa a gida yake lalacewa, cikin gwangwanin da aka cusa shi tare da ƙugiya da dalma aka manta. Ran da aka buɗe sai a tarar ya narke ya cure, ƙugiya ta yi tsatsa, kuɗi sun tafi a banza. Ya ɗan'uwa manomi, wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka tsare kanka daga wannan hasara.

1. KA SAN IRIN WANDA KE HANNUNKA

Koton roba iri uku ne, kowanne da halinsa.

Na farko shi ne gama-gari. Da irin robar da ake yin bututun ruwa ake yinsa, sai dai an haɗa ta da wani mai da ke tausasa ta. In ka taɓa shi za ka ji maiƙo, in ka ja shi da ƙarfi zai yage.

Na biyu mai talewa ne kamar danƙo. Kana iya jansa ya ninka tsawonsa sau da yawa bai tsinke ba, kuma yawanci yana tasowa saman ruwa. Na kamfanin Z-Man irin wannan ne.

Na uku yana zuwa ne a jiƙe, cikin kwalba ko leda mai ɗan ruwa a ciki, kamar wanda ake kira Gulp. In ka bar shi a sarari zai bushe ya ƙanƙance, ya yi tauri kamar ƙirgi.

Kada ka yar da ledar da ka sayo koto a cikinta. Don shi aka yi ta, ita ce kuma mazubin da ya fi dacewa da shi.

2. ABUBUWA HUƊU DA KE ƁATA SHI

Zafi. Da bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. A ƙarƙashin rufin kwano, ko cikin akwatin ƙarfe da aka bari a rana, ya fi haka nesa. Zafi yana sa robar ta yi taushi ta zubar da manta. In ta huce sai ta sandare a yadda ta kwanta. Koton da wutsiyarsa ta lanƙwashe ba ya rawa daidai cikin ruwa, kifi kuwa ba zai kula shi ba.

Cuɗanya. Man da ke cikin koto gama-gari ba ya zama wuri ɗaya, yana tsattsafowa ya shiga abin da ya taɓa. In ya taɓa roba mai tauri irin mai fashewa, sai ya cinye ta. In ya taɓa farin soson nan da ake tokare rediyo da shi cikin kwali, wanda masunta ke yankawa don ya riƙe zare a saman ruwa, sai ya narkar da shi. Yana kuma cin fenti. In ka haɗa gama-gari da mai talewa a leda ɗaya, za su narke su manne da juna. Launi ma yana zuba: in ka haɗa ja ko baƙi da fari, farin zai rine.

Laima. Wasu kotunan an cuɗa su da gishiri, domin kifi ya ji ɗanɗano ya riƙe. Gishiri kuwa yana jawo laima, laima ta kawo tsatsa. Ƙugiyar da aka bari a jikin koto takan yi tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani, sai ran da babban kifi ya kama ta karye.

Wari. Kifi yana da hanci. Fetur, da kananzir, da baƙin mai, da maganin feshi, duk suna kama jikin roba. Fetur ma ɓata ta yake yi. Maganin feshi kuma guba ne ga kifi da mai cin kifin.

3. MAZUBI DA WURIN AJIYA

Ba sai ka sayi akwati mai tsada ba. Ga abin da kake bukata:

(a) Ƙananan ledoji masu maƙalli a baki, irin waɗanda ake zuba ƙwayar magani a kemis. Ka sayi sababbi.

(b) Robar zuba abinci mai murfi. Juya gindinta ka duba. In ka ga lamba 5 cikin alama mai kusurwa uku, ko haruffan PP, ta yi, man koto ba ya cin ta. In ka ga lamba 6, ko haruffan PS, ka bar ta, narkewa za ta yi.

(c) Tukunyar ƙasa busasshiya mai murfi, ko akwatin katako. Tukunya tana da sanyi, ɓera kuma ba ya huda ta.

Ka ajiye tukunyar a ɗakin ƙasa, a lungu mai inuwa, bisa duwatsu ko katako don kada laima ta hau ta. Kada ka sa ta kusa da murhu, ko dab da rufin kwano, ko ɗakin da kake ajiye taki da maganin feshi. Kada kuma ka yi amfani da galan ko gwangwanin da maganin ƙwari ya ƙare a ciki, ko da ka wanke shi.

4. YADDA ZA KA JERA SU

Da farko ka raba su bisa ga iri: gama-gari daban, mai talewa daban, jiƙaƙƙe daban. In da hali, mai talewa ya sami robarsa shi kaɗai.

Sa'an nan cikin kowane iri ka raba bisa ga launi. Launi ɗaya, leda ɗaya.

Bayan haka ka raba bisa ga girma, manya na giwan ruwa waje guda, ƙanana waje guda.

Ka kwantar da su a miƙe, kai da kai, wutsiya da wutsiya, kamar yadda ake jera kifi a kan wayar banda. Kada ka cusa leda har ta kumbura. Matse iskar ciki kafin ka rufe, ka kwantar da ledojin a shimfiɗe, kada ka ɗora musu abu mai nauyi.

Ka yi wa kowace leda alama, da boko ko da ajami, ko ka ɗaura mata zare mai launi. Da asuba, lokacin da kifi ke ci, ba lokacin lalube ba ne.

In za ka ruwa, kada ka kwashi duka. Ɗebi na yini ɗaya cikin ƙaramar roba, sauran su zauna gida cikin sanyi. A cikin kwalekwale ko a bakin gaɓa, ka rufe robar da jiƙaƙƙen buhu, ka sa ta a inuwa.

5. IN KA DAWO DAGA RUWA

Aikin nan bai kai minti 10 ba, amma shi ne tushen adana kaya.

Zare kowane koto daga ƙugiyarsa a hankali. Ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, ba tare da omo ko sabulu mai ƙanshi ba. Shanya shi a inuwa bisa tsumma har ya bushe, sa'an nan ka mayar da shi ledarsa. Kada ka zuba jiƙaƙƙe cikin busassu.

Amma irin na uku, shi ba a shanya shi. Zare shi tun yana da taushi, ka mayar cikin ruwansa, ka rufe bakin kwalbar kam. In ya bushe a jikin ƙugiya, sai da wuƙa za ka raba su. Da hunturu ka ƙara kula, domin busasshiyar iska tana shanye shi da sauri, ƙura kuma tana manne wa gama-gari saboda maiƙonsa.

6. ƘUGIYA, ZARE DA DALMA

Waɗannan ba a haɗa su da koto a mazubi ɗaya.

Ƙugiya: share ta ta bushe sarai, ka ɗan shafa mata man gyaɗa da tsumma. Kada ka sa baƙin mai ko kananzir. Nemi busasshen karan dawa ka tsaga, ka soka bakin ƙugiyoyin a cikin totuwar, manya a kara ɗaya, ƙanana a wani. Ta haka ba za su sarƙe ba, ba kuma za su soki hannunka ba. Wadda ta fara tsatsa ka ware ta. In tsatsar kaɗan ce, goge ta da dutsen wasa wuƙa. In ta ci ƙarfen, ka haƙura da ita.

Zaren nailan: hasken rana yana cin ƙarfinsa a hankali, ko da ido bai ga alama ba. Naɗe shi a jikin sanda mai santsi, ba da matsi ƙwarai ba, ka ajiye cikin duhu. Kafin ka sake aiki da shi, bi shi da yatsu. Inda ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Dalma: zuba ta cikin ƙaramar kwalba mai murfi. Dalma guba ce, musamman ga yara. Gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara cikin 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Kada ka matse dalma da haƙori, kada ka narka ta cikin gida ko a tukunyar abinci, ka kuma wanke hannu kafin ka ci tuwo.

7. GYARAN WANDA YA TAƁU

Koto gama-gari da ya lanƙwashe yana gyaruwa. Tafasa ruwa cikin gwangwanin da ba na abinci ba, ka sauke. Tsoma wurin da ya lanƙwashe, ka ƙirga daga 1 zuwa 20, ka cire. Kwantar da shi a miƙe bisa katako har ya huce. In bai miƙe ba, ka maimaita.

Wanda kansa ya yage wajen ƙugiya, yanke wurin da wuƙa mai kaifi, ka yi aiki da sauran. Tsage mai haƙora ne, yakan yi wa koto kaca-kaca, don haka ka riƙa ba shi irin waɗannan gyararru, ka adana sababbi. Wanda ya narke ya cure kuwa ba shi da magani.

8. YARA DA DABBOBI

Koton roba yana da launi mai jan ido, yaro zai ɗauka alewa ce. Akuya da kaza da agwagwa ma suna haɗiye shi, cikinsu kuwa ba ya narkar da roba, tana iya toshe hanji. Haka yake ga kifi. Saboda haka kada ka jefa yagaggen koto cikin ruwa, ko a juji inda dabbobi ke kiwo. Kada kuma ka ƙona shi, hayaƙinsa yana da illa ga ƙirji. Tara su cikin gwangwani mai murfi, in ya cika ka binne shi da zurfi, nesa da rijiya.

In ƙugiya ta shige naman mutum har ta wuce ƙayarta, kada a fizge ta. A kai shi asibiti ko ɗakin shan magani.

9. AJIYAR DAMINA

In ruwan shuka ya sauka, hankalinka zai koma gona, kayan fatsa su yi wata uku ko huɗu ba a taɓa su ba. Kafin nan ka ware yini ɗaya. Wanke, shanya, raba, ƙirga, ka san abin da ya rage da wanda za ka saya in ka sayar da amfanin gona. Sau ɗaya a wata, musamman cikin Agusta da laima ta fi yawa, ka buɗe tukunyar ka duba. In ka ga gumi cikin leda, fito da koton ka share, ka sake masa wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KA TUNA

Iri ɗaya, launi ɗaya, leda ɗaya.
Sanyi da duhu, ba rana ba, ba kusa da wuta ba.
Kada koto ya kwana a jikin ƙugiya.
Nesa da fetur, da taki, da maganin feshi.
Nesa da yara da dabbobi.

In kana da tambaya, ka tuntuɓi malamin gona ko jami'in kula da kamun kifi na yankinku.