Biki Na Masu Biki Ne: Abin da Aikina Na Farko a Minjibir Ya Koya Mini

 Da yawanku kun san ni a bayan kwamfuta ranar liyafar sashe ko ta kammala karatu, wasu kuma sun san duk daren Asabar ina saka kiɗa a wani wurin shaƙatawa a cikin gari. Shekara biyu ke nan sana'ar DJ take biya mini kuɗin makaranta da na mota. Yanzu ina ajin ƙarshe na difloma a sashen akanta, amma abin kunya, sai da na je wani ƙauye a Minjibir na tafka asara da hannuna sannan na gane darasin lissafin kuɗin aiki da aka koya mana a aji. Na rubuta wannan ne don masu DJ irina, da ma duk ɗalibin da yake ɗaukar hoto, ko kwalliya, ko girkin biki, domin ramin da na faɗa ɗaya ne da wanda yake jiran su.

Yadda aka yi

Bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida kuma bukukuwa suka kankama, wani abokina ɗan ajinmu ya ce za a aurar da ƙanwarsa, yana so in saka musu kiɗa ranar yini. Garinsu yana gaba da Wasai kaɗan, inda madatsar ruwan nan take, a ƙaramar hukumar Minjibir. Wanda ya san yankin ya san yadda yake: gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye, ba wani daji a tsakani. Idan ka kunna sifika a nan, unguwa uku ce za ta ji ka, har da liman da mai unguwa.

Abokina ya kai ni wurin kawunsu, wanda hidimar take hannunsa. Bayan mun gaisa ya ce, "To yaro, nawa za ka yi mana aikin?"

A wurin shaƙatawa naira 15,000 ake ba ni a dare. Na ninka a raina, na ce, "Kawu, ai ku iyaye ne, ku ba da 30,000."

Bai taya ba. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ni kuwa na fito ina murna wai na ci kasuwa. Da ina da wayo, rashin tayawar nan kaɗai ya isa ya sa in tsargu.

Kuskure na farko: farashi

Abin da na manta shi ne, a wurin shaƙatawa kwamfutata kawai nake ɗauka. Sifika ta gidan ce, janareto na gidan ne, mai ma su suke saya. A gidan biki kuwa komai a wuyanka yake. Ga abin da ya fita daga aljihuna:

Hayar sifika biyu da na'urar haɗa sauti da makirfo: 15,000
Hayar janareto: 5,000
Mai lita 8: 7,600
Kurkura, kaiwa da dawowa: 12,000
Yaron da ya taya ni ɗauka da haɗa waya: 3,000
Data da batir: 1,400

Jimla naira 44,000. Ka ga ke nan tun kafin in kunna waƙa ɗaya na riga na yi asarar 14,000, kuma daga kuɗin da na ajiye don buga furojet ɗina na ciro su. Tukwicin da mata suka tara mini ya kai 9,000, sai asarar ta koma 5,000, ban da wahalar yini guda da aikin daren Asabar da na rasa.

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, duk sana'ar da take tafiya da janareto da mota lissafinta ya sauya. Wanda har yanzu yake yanka farashi da ka, yana cewa "haka wane yake karɓa", shi ne zai riƙa yi wa mutane aiki yana biyan kuɗi daga aljihunsa.

Yadda ya kamata in lissafa

Abu huɗu ake tarawa kafin a buɗe baki.

Na ɗaya, kuɗin da zai fita daga aljihu. Nawa 44,000 ne. Kada ka yi kirdado. Kira mai hayar kaya da mai kurkura ka ji farashin ranar.

Na biyu, ladan aikinka. Mafi ƙaranci shi ne abin da za ka samu da ba ka je bikin ba. Ni 15,000 ne na daren da na bari.

Na uku, tsufan kayanka. Kwamfutata 240,000 na saye ta. Idan na ƙaddara za ta yi mini aiki 120 kafin ta gaji, kowane aiki yana cin 2,000 daga jikinta. Ƙurar hunturu a ƙauye kuwa ba ta raga wa kwamfuta.

Na huɗu, kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100 na abin da zai fita daga aljihu, wato 4,400. Waya takan ƙone, taya takan yi faci, biki yakan zarce lokaci.

Idan ka tara, 65,400 ke nan. Duk abin da ya gaza haka ba ciniki ba ne, gudummawa ce. Ka ɗora ribar kashi 15 cikin 100, farashin gaskiya ya kama wajen 75,000.

Na san abin da za ku ce: ina manomin da ya sayar da buhunan geronsa ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki zai ba DJ 75,000? Gaskiya ne. Amma maganin ba karya farashi ba ne, rage girman aikin ne. Tsakar gidan da na yi aiki sifika ɗaya ta ishe shi, hayarta 8,000. Akwai janareto a gidan maƙwabcinsu, da na tambaya da sun aro sun zuba mai da kansu. Kaya sun ragu, kuɗin mota ya dawo 6,000. Da haka abin da zai fita daga aljihuna 18,400 ne kacal, kuma da na karɓi 40,000 da na biya kaina lada har da 'yar riba a kai. Su ma da ba su ji nauyi ba.

In kuma kana so ka yi wa aboki alheri, yi shi a fili. Ka ce, "Aikin na 75,000 ne, na yafe 20,000, gudummawata ke nan." Ni da ban yi haka ba, cikin sati biyu mutum biyu suka kira ni daga yankin Kunya, kowa yana cewa, "An ce 30,000 kake yi." Farashinka na farko shi ne sunanka a gari, kuma sauke shi ya fi ɗaga shi sauƙi.

Sannan ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi, domin masu hayar kaya ba sa jiran a tashi daga biki. Ka tura saƙo a rubuce ta WhatsApp: rana, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wa zai kawo janareto, wa zai sayi mai, da kuɗin kowace awa idan aka zarce. Tukwici kuma kada ka sa shi a lissafi. In ya zo alhamdu lillahi, in bai zo ba ba ka bin kowa.

Kuskure na biyu: waƙa

Yinin biki taron mata ne, don haka tun farko Kawu ya gindaya sharaɗi: ba zan shiga cikin gida ba. A zaure na zauna da kwamfuta, muka ja doguwar waya zuwa sifika a tsakar gida, ƙanwata da na taho da ita ta riƙe makirfo a ciki tana yi mini aike. Wato zan saka wa mutanen da ba na gani kiɗa. DJ kuwa da ido yake aiki.

Na buɗe da abin da na fi gwaninta a kai, amapiano, kiɗan nan na Afirka ta Kudu da yake tashe a wuraren shaƙatawa. Na haɗa waƙa da waƙa ba tare da an ji gaɓa ba, ina jin kaina. Minti goma shiru, ko guɗa ɗaya babu. Sai ga ƙanwata ta leƙo tana dariya, ta ce, "Yaya, Gwaggo ta ce a tambaye ka, wai injin niƙa ka kawo musu?"

Wallahi gumi ya keto mini a cikin sanyin nan. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, Gwaggon amarya ta fito. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, me kuke so a saka?"

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka da Barmani?"

Allah ya taimake ni ina da ita a wata tsohuwar ma'ajiya da ban taɓa buɗewa a wurin aiki ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu tun 2013, amma ana jin ƙwaryar amada ta tashi sai guɗa ta kaure, har a zaure ina jin ƙasa tana amsa takun ƙafa. A nan na gane cewa a wurin shaƙatawa mutane ne suke zuwa wurinka, su karɓi abin da ka ba su. A gidan biki kai ne baƙo. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to ni rawar ce ta sauya mini kiɗa.

Daga nan na bi taron a hankali. Iyaye mata suka yi rabonsu da amada. Bayan la'asar da ƙawayen amarya suka karɓi fili, na koma kan waƙoƙin aure da na soyayya na zamani, irin na Ali Jita, Ado Gwanja, Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker. Da za a fito da amarya aka saka waƙar da aka yi mata a situdiyo da sunanta da na ango da na danginsu, irin wadda ake bugawa a situdiyoyin Zoo Road. Sau huɗu aka sa na maimaita ta. A wurin shaƙatawa maimaita waƙa abin kunya ne ga DJ. A nan kuwa ita ce waƙar da ta fi kowace daraja.

Tambayoyin da za ka yi kafin ranar

Wa yake da iko da taron? Ba abokinka ba ne, ba ma amarya ba ce ita kaɗai. Nemi uwar biki ko gwaggo, ka ce ta faɗa maka waƙa goma da ake so da waɗanda ba a so.

Amarya ita ce ta farko, ko da abokiyar zama za ta tarar? Waƙoƙin mata da yawa, na da da na yanzu, cike suke da habaicin kishiya. Ka saka irin wannan alhali dangin uwargida suna zaune sun zo taya murna, ka kunna wutar da ba kai za ka kashe ta ba. Kowace waƙa ka saurare ta daga farko har ƙarshe a gida.

Akwai waƙar siyasa a jerinka? Cire ta. Wani saurayi ya zo zaure ya matsa mini in saka ta jam'iyyarsu, har da miƙo 1,000. Na ce masa Kawu ya hana, ya tafi yana ƙunƙuni. A Kano gida ɗaya za ka samu mai jar hula da wanda ba ya son ganinta, kuma duk an gayyace su.

Ƙasida fa? Wani gidan da yabon Annabi (SAW) ake buɗe taro, wani gidan kuma ba sa son a haɗa shi da kiɗa. Tambaya ita ce mafita.

Yaushe za a tsaya? Ka san lokacin sallah, ka kashe sauti kafin ladan ya fara, ba sai an aiko ba. Mu ana kiran magariba muka naɗe waya.

Kada kuma ka dogara da intanet. Sauke komai a kwamfuta, ka kwafa a filashi, ka ajiye wasu a waya.

Maganar hukuma

Wannan sana'a a Kano tana da masu sa ido. Hukumar Hisbah ta sha jan kunne kan cakuɗuwar maza da mata a wuraren biki, kuma a 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta bikin da ake kira Ƙauyawa Day. Don haka kafin ka karɓi aiki ka san wane irin taro ne, ka kuma nemi sanin ƙa'idar da ake bi a lokacin. Liƙi ma akwai doka a kansa: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla 50,000 ko duka biyun. Mu faranti ƙanwata ta ajiye, mai son ba da tukwici ya saka a ciki.

Da muna loda kaya a kurkura Gwaggo ta aiko mini da ƙullin alkaki da nakiya, ta ce a gaya wa ɗan nan mai Barmani akwai bikin wata jikarta kafin azumi. Na je mun zauna da mijinta, na fito da takarda da biro na karanta masa lissafin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya taya, na rage sifika ɗaya, muka daidaita a kan 45,000, janareto da mai nasu, ya ba ni rabi a take. Da wannan kuɗin na buga furojet ɗina.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a sana'o'inmu.