Daga Ɗakin Bincike Zuwa Ɗakin Likita

A kowace shekara ana wallafa dubban rahotannin binciken lafiya, alhali kuwa likitan iyali a Ingila kimanin minti 10 yakan samu ga kowane majiyyaci. To, ta yaya zai san abin da bincike ya tabbatar?

Ba ya bin rahotannin ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane a birnin Oksfod, wadda ke tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda, ta tace su, ta fitar da sakamako ɗaya. Ita kuwa hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999, takan mayar da irin wannan sakamako taƙaitaccen jagora ga likitoci.

Mu ɗauki misalin mura. Ƙwayoyin bairos ne ke haddasa ta, magungunan antibayotik kuwa bakteriya suke kashewa. Gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna cewa ba sa gaggauta waraka. Hasali ma suna iya jawo gudawa, su kuma ba bakteriya masu jure magani damar yaɗuwa. Saboda haka, ya mai karatu, likitan da ya hana ka su ba rowa ya yi maka ba, hujja ya bi.