Darasi Kan Lafiyar Iyali: Matsayin Ayaba a Cikin Abincinmu na Kullum

  

Ya ku ƴan'uwa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu ne da muke wucewa kullum a kan teburan masu kayan marmari, watau ayaba, wadda da yawa daga cikinmu suke kira banana. Mun lura cewa a gidajenmu ba a ɗauke ta a bakin abinci ba. Ko dai tsarabar matafiyi ce, ko abin da ake riƙewa a leda in za a gai da maras lafiya a asibiti, ko kuwa abin da ake ajiyewa a gefen faranti da watan azumi. Da an yi salla sai a manta da ita. Muna so mu nuna cewa tana da wuri a cikin kwanon yaro da na babba, mu kuma bayyana iyakarta, domin yabon da ya wuce ƙima yakan cuci mai saurare.

Malamai sun san cewa a cikin Suratul Waƙi'a, aya ta 29, an ambaci wata itaciya daga cikin ni'imomin Aljanna da sunan ɗalhu, kuma mafi yawan masu tafsiri sun fassara ta da ayaba. Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo wannan fassara daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya sanya ta cikin abubuwan da ya yi bayaninsu a babin magunguna na littafinsa Zadul Ma'ad, ya kuma fifita nunanniya mai zaƙi. Wannan daraja ce babba, amma ba ta zama hujjar mai da ayaba maganin kowace cuta ba, kamar yadda wasu masu tallar magani a bakin kasuwa suke yi da duk abin da aka ambata cikin Littafi.

Asalin ayaba daga kudu maso gabashin Asiya ne, kuma an soma nomanta a tsibirin Niyu Gini tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Shuka ce mai son ruwa ƙwarai, shi ya sa a ƙasarmu ba a cika ganinta ba sai a garake na bakin kogi, irin na wajen Gaya. Mafi yawan wadda muke gani a Katako ta Yamai, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, manyan motoci ne suke kawo ta daga ƙasashen kudu masu yawan ruwan sama. Saboda haka ba ta da arha kamar mangwaro a lokacinsa, kuma ba mu ce wa maigida ya bar sayen hatsi don ya sayi ayaba ba. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin da ake ba yaro kullum ya sayi alewa da ruwan leda mai launi, sau da yawa sun isa su sayi ayaba guda.

To, me ke cikinta? Idan aka ɓare ta aka auna giram 100, kimanin giram 75 ruwa ne, giram 23 kuma sitaci da sukari, watau abin da ke ba da ƙarfi nan take, gaba ɗaya kalori 89. Akwai zare-zaren da ciki ba ya narkarwa, masu sauƙaƙa fitar bayan gida, akwai bitamin B6 mai yawa, da ɗan bitamin C, da sinadarin fotasiyam wajen miligiram 360, wanda yake taimaka wa jiki wajen rage illar gishiri a kan hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2012 cewa babban mutum ya sami aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana. Ayaba matsakaiciya tana ba da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na wannan; saura sai a nema a wake da ganye da dankali.

Amma ku duba abin da ba ta da shi, domin nan ne tushen darasin. Sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, giram 1 ne kacal a cikin giram 100 na ayaba, alhali gero yana da wajen 11, busasshen wake wajen 23, gujiya kuwa, watau gyaɗa, wajen 25. Mai kusan babu shi, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ma kaɗan ne ƙwarai. Ke nan ayaba ita kaɗai ba ta gina yaro, ba ta kuma warkar da ƙarancin jini ga mai juna biyu. Amfaninta yana cika ne idan aka haɗa ta da abin da Allah Ya hore mana a gonakinmu da garkunanmu: gero, gujiya, wake, nono da ƙwai. Ita ke kawo zaƙi da taushi, su kuma su kawo ginin jiki.

Wannan magana ba ta wasa ba ce ga mutanen da suka ga shekarar 2005. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa. Tsadar hatsi ta yi nata, zazzaɓin cizon sauro da zawo sun yi nasu. Amma akwai wani sababi da ke cikin gida, wanda yake nan ko a shekarar ƙoshi, shi ne tsinkakken kunu. Cikin yaro ɗan wata takwas ba ya ɗaukar fiye da kofi guda a zama ɗaya. Idan aka cika wannan ɗan wuri da kunun da kusan duk ruwa ne, yaro zai yi shiru, uwa ta zaci ya ƙoshi, alhali kuwa jikinsa bai sami rabonsa ba.

Ƙa'idar da likitoci suka tsaya a kanta tun 2001 ita ce nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba ayaba. Daga nan a soma ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, adadin da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233. Daga wata 6 zuwa 8 yaro yana bukatar kimanin kalori 200 a rana ban da nono, daga wata 9 zuwa 11 kalori 300, daga shekara 1 zuwa 2 kuwa 550. Ga yadda uwa za ta yi. Ta wanke hannuwanta da sabulu, ta dama babban cokali 3 na garin gero da kofi ɗaya na ruwa mai tsabta, ta dafa shi a kan wuta yana tafasa har ya yi kauri. Sa'an nan ta zuba cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gujiya soyayyiya ta motsa, ta sauke. In ya huce sai ta murje rabin ayaba nunanniya da bayan cokali har ta yi laushi, ta gauraya. Ba a sa sukari, ayabar ta wadatar. Alamar kunu ya yi shi ne, idan aka karkata cokali ba ya tsiyayewa kamar ruwa. A ba yaro da cokali, ana lallashinsa, sau 2 ko 3 a rana da farko, sau 3 ko 4 bayan ya kai wata 9. Abin da ya rage kada a ajiye masa zuwa yamma, yayyensa su shanye.

Abu biyu muke gargaɗi a kansu a nan. Na farko, a tsince gujiya tun kafin a soya ta, a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ɗaci, domin tana ɗauke da dafi mai lalata hanta wanda wuta ba ta kashe shi. Na biyu ya fi nauyi a baki, amma dole a faɗa: kada a sa wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma a cikin kununsa. Ba mu musa falalar zuma ba. Sai dai tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai ƙarfafa ya kashe ta ba, wadda take shanye masa jijiyoyi har ta hana shi numfashi. Bayan shekara ɗaya babu laifi.

Ga manya da ƴan makaranta abin ya fi sauƙi. A dama fura da nono kamar yadda aka saba, a bar sukari, a murje ayaba guda a ciki. Wanda ya yi sahur da wannan zai ji bambancinsa da shayi da burodi kafin azahar. Sai dai madarar da za a yi nonon da ita a tabbata an tafasa ta tun farko, saboda cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi, kamar tarin fuka. Buɗa baki kuwa dabino da ruwa ne sunna, ayaba ta biyo baya, a madadin tulin soye-soyen da yake hana mutane tsayuwar tarawihi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki kashi uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ya shafi ayaba kamar yadda ya shafi tuwo.

Wadda ta nuna sosai har ɓawonta ya yi baƙi-baƙi, mata da yawa zubar da ita suke yi, wannan kuwa almubazzaranci ne, muddin ba ta yi tsami ko fumfuna ba. A nan ne ma ta fi zaƙi, don sitacinta ya riga ya koma sukari. A murje guda 2, a fasa ƙwai 1, a zuba babban cokali 4 na garin gero ko fulawa da ɗan gishiri, a kwaɓa, a shafa wa tanda ɗan mai a toya kamar waina. Yara sukan tafi makaranta da ita.

Akwai kuma babbar ƴar'uwarta, agade, wadda ba a ci sai an dafa. Mutanen Yamai sun fi saninta a soye, da sunan aloko da ya zo mana daga Kodebuwa. Daɗi kam akwai shi, amma tana shan mai ƙwarai. Mun fi son a gasa ta a kan garwashi a ci da gujiya, ko a yayyanka ta a zuba cikin wake idan ya kusa nuna, da albasa da tumatir da ɗan zogale, a bar su su dahu tare. Wannan kwano guda ya haɗa ƙarfi da ginin jiki da ƙarin jini.

Game da zawon yara, wani bincike da aka yi a birnin Dakka na Bangaladash, aka buga a 2001, ya nuna dafaffiyar ɗanyar ayaba tana taimakawa wajen tsai da zawon da ya daɗe. Amma kada uwa ta dogara da wannan ta zauna gida. Abin da ke ceton rai shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa, da gaggauta zuwa asibiti idan idanun yaro suka faɗa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini.

Mai ciwon sukari ba a haramta masa ayaba ba, amma ya tsaya ga ƙarama guda ko rabi, wadda ba ta nuna luguf ba, ya ci ta tare da abinci, kada ya haɗa ta da fura mai sukari. Mai ciwon ƙoda kuwa, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda, fotasiyam ɗin nan da muka yaba yana iya taruwa a jininsa ya rikita bugun zuciya. Saboda haka ƴan'uwa masu zuwa dubiya da leda cike da ayaba su tambayi likita tukuna.

Wajen saye, a sani cewa wasu marasa tsoron Allah suna nunar da ayaba da kabaid, sinadarin nan na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sha yin gargaɗi a kansa. Irin wannan takan yi rawaya a waje, ciki kuwa da tauri, ba zaƙi ba ƙamshi. Gara a sayi mai ɗan kore a nunar da ita a gida: a sa ta cikin kwali ko ƙwarya tare da nunannen mangwaro ko tumatir a rufe, iskar da suke fitarwa za ta nunar da ita cikin kwana 2 ko 3. Kada a sa ɗanya a firiji, don sanyin da ya gaza digiri 13 yana baƙanta ɓawonta, ya hana ta nuna yadda ya kamata.

Idan kuwa mota ta sauke da yawa, farashi ya faɗi, to mu da muka iya shanya kilishi da kauɗar tumatir da gabun albasa ba za mu rasa dabara ba. A yanka nunanniyar ayaba siriri-siriri, a tsoma cikin ruwan lemun tsami don kada ta yi baƙi, a jera a kan faifai mai tsabta a saman rumfa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Da yamma a shigar da ita ɗaki, da safe a juya ta a mayar. A ranar bazara kwana 3 zuwa 4 sun isa. Idan aka matsa ta ba ta fitar da danshi, sai a zuba a kwalba mai murfi a ajiye a inuwa. Tana yin makonni, kuma guda biyar ko shida sun ishi yaro a aljihu zuwa makarantar allo.